Uba da 'Ya a Duwatsun Shere

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta labarin wani uba da 'yarsa mai shekara 9. An ƙone musu gida a rikicin Jos na 2001, uwar ta rasu, suka koma zama cikin Duwatsun Shere. Na kai babi na 4 na maƙale, domin ban taɓa kwana a daji ba. Me za su ci, kuma me zai tsorata su?
Ɗalibarka daga Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yata, Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Rikicin ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, ke nan sun hau dutse damina na shirin ban kwana. Abinci ba zai gagara da farko ba: ga tafasa, ga fara, ga kalar acca da dankali a gonakin da aka gama girbi.

Sanyi ne zai fara gwada su. Ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800. Ina saurayi na kwana a gindinta a watan Disamba tare da wani dattijo maharbi. Dutsen da muka jingina da shi yana da ɗumi har bayan isha'i, amma kafin asuba ya zama kamar ƙanƙara, yatsuna suka kasa riƙe ashana. Ki sa uban ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe yarinyar, ya ce mata shi zafi yake ji.

Kar ki kawo mini zaki ko kura. Ki gargaɗi yarinyar da kududdufan kuza, wato tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai masu ruwa kwance da zurfin da ke cin mutum, da kuma ƙerana, shukar da ruwanta ke illata ido.

Sai dai abin da na fi so ki riƙe shi ne, dajinmu ba ya rabuwa da mutane. Makiyayi zai ratsa da shanu, mata za su zo yin itace. Mutumin da jiya yake da shago da maƙwabta, yau yana ɓuya idan ya ji tari, don kada a gan shi haka, don kada a ce a kawo yarinyar a riƙa. Nan labarinki yake.

Ki duba gashin kan yarinyar ma. Uban namiji ne, bai iya kitso ba. Bayan wata biyu kitson da uwarta ta yi mata na ƙarshe zai tsufa, ita kuma za ta ƙi yarda a tsefe shi. Ki fara babi na 5 da safiyar da ya zauna a bayanta da tsinke a hannu.