Ɗan kwangila ya ce wata takwas, mu yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu za ta gina makaranta, bene mai azuzuwa takwas. Ɗan kwangila ya kawo jadawalin wata takwas da kiyasin kuɗi, an buga tsaf a kwamfuta. Ta yaya za mu gane ko tsarin zai tabbata? Akwai abin da bincike ya nuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma bai ba kyan takarda wani muhimmanci ba. A 2002 Farfesa Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa sun fitar da bincike kan manyan ayyukan sufuri 258, suka tarar kusan tara cikin goma sun ci kuɗi fiye da kiyasi. Layin dogo ya haura da kimanin kashi 45 cikin ɗari, hanyoyin mota kashi 20. Mai kiyasi yakan yi lissafi kamar ba za a yi ruwa ba, siminti ba zai tashi ba, birkila ba zai yi tafiya ba. Wani kuma da gangan yake rage adadin don aikin ya faɗo hannunsa.

Saboda haka ku ajiye jadawalin tukuna. Ku ce ya nuna muku gine-gine irin naku da ya kammala, ku je da ƙafarku ku tambayi masu su: wata nawa aka ce, wata nawa aka yi, nawa aka ƙara? In duk sun ce shekara da rabi, to naku ma a nan zai tsaya, sai in akwai dalili ƙwaƙƙwara.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a haƙa harsashi zane bai kammala ba. Haka aka yi wa shahararren gidan wasan nan na Sidni a Ostareliya: an fara a 1959 alhali ba a san yadda za a yi rufin ba. Kiyasin dalar ƙasar miliyan 7 ya koma miliyan 102, ba a buɗe shi ba sai 1973. Gyara a takarda fensir ne kawai. Bayan an zuba kankare kuwa sai guduma. Ku tabbatar injiniya ya gama zanen rodi, na famfo da na wayar wuta ma suna hannu.

Sai tsarin mako-mako. Glenn Ballard da Greg Howell, masu bincike kan aikin gini, sun auna, suka ga kusan rabin abin da ake tsarawa a mako ne kawai ake gamawa, domin ana ba mutane aikin da ba a gama shirya masa ba. Ka ga an kira leburori ranar zuba dakin, wato kankaren saman bene, kafinta ya kafa katako, an ɗaure rodi, injin kwaɓa na ƙara, sai a tuna mai wayarin bai shimfiɗa bututunsa ba. Ranar ta tafi, kuɗin leburori ma haka. Shawararsu ita ce masu yin aikin da hannunsu su zauna duk mako, kada a rubuta aiki sai kayansa sun iso kuma wanda ke gabansa ya ƙare, a ƙarshen mako a ƙirga abin da aka cika, a nemi dalilin wanda ya faskara.

Ku duba ko jadawalin ya bar wa kankare lokacinsa, don a kwana 28 ake auna ƙarfinsa, kuma ko haƙan harsashi ya faɗo cikin ruwan Agusta. In ya faɗo, ku ce a matsar da shi kafin ku sa hannu.