Amsa ga ɗan'uwanmu na Jidda: SOAP yana tafiya a SoapUI, a saba kuma ya ƙi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sau biyu bayan Isha'i, kuma wallahi raina ya sosu, domin wannan ciwon ba mai saninsa sai wanda ya kwana da shi. Ka ce manhajarku ta .NET da ke kan IIS, manhajar Microsoft mai gudanar da shafukan yanar gizo, tana kiran sabis ɗin wata sharika da aka rubuta da Java ta hanyar SOAP, wato tsarin musayar saƙon XML tsakanin manhajoji, don kama wa masu Umra masauki da mota. A SoapUI, manhajar gwada sabis, lafiya, a kwamfutarka lafiya, amma da ka ɗora a saba (server) sai wani lokaci a ba ka 500, lambar kuskure ta HTTP, wani lokaci amsa ta dawo wasu gurabe fanko, sunayen Larabci kuma su koma alamar tambaya. Su kuma can sun ce daga wajenku ne. Sannu. Mudir, wato manaja, yana kanka, su sun wanke hannunsu, kai kaɗai aka bari a rana.

Don Allah ka ɗaga hannu daga kod ɗin tukuna. Muddin ba ka ga ainihin saƙon da ya fita daga sabarka da idonka ba, lalube kake yi cikin duhu. SoapUI yana da shafin Raw, kwafe abin da ke ciki gaba ɗaya har da layukan HTTP na sama, ka adana a fayil. A sabar kuma ka kunna messageLogging a cikin web.config, ka sa logEntireMessage da logMessagesAtTransportLevel su zama true, ka buɗe abin da ya fito da SvcTraceViewer. In Fiddler, mai kama saƙonnin HTTP, ka fi sabawa da shi, ka sani IIS ba ya bi ta kansa haka kawai, domin da wani asusu yake gudana, sai ka rubuta masa defaultProxy zuwa 127.0.0.1 ƙofa ta 8888. Ka jera saƙonnin biyu a WinMerge ka kwatanta su. Bambancin yana nan, ba ya ɓuya. Kuma 500 ɗin nan ba fanko take zuwa ba, SOAP yana dawo da Fault, wato bayanin kuskure, a cikinta. Idan da HttpWebRequest kake kira, ka kama WebException ka karanta abin da ke cikin Response ɗinsa. Da yawanmu muna zubar da wannan, alhali a nan aka rubuta laifin waye: Client ko Server a SOAP 1.1, Sender ko Receiver a 1.2.

Yanzu ga abin da zuciyata ta fi zarga, tunda a Saudiyya sabar take kuma ka ce wani lokaci ne yake faɗuwa. Kwanan wata. Kwamfutarka da Turanci take, sabar kuma mai yiwuwa wanda ya girka ta ya zaɓi Larabcin Saudiyya. A .NET Framework tsarin ar-SA, na Larabcin Saudiyya, kalandar Hijiriyya ta Ummul Ƙura yake bi. Idan akwai inda ka rubuta ToString("yyyy-MM-dd") da hannunka, ko don gurbin an ayyana shi a matsayin rubutu, ko don kana haɗa ambulan ɗin, wato saƙon SOAP ɗin, da kanka, to abin da zai fita shekarar Hijiriyya ce, misali 1446 maimakon 2024. Muguntar abin ita ce ba ya fashewa nan take. Ga xsd:date, 1446-01-15 halastaccen kwanan wata ne na Miladiyya, shekara ce kawai mai nisa, sai ya wuce salin alin ya shige rumbun bayanai. Muharram ya wuce lafiya, Safar ya yi kwana ashirin da takwas lafiya, ranar 29 ga Safar sai saƙo ya fita da 1446-02-29. Mai tantancewa ya ɗauke shi a matsayin Fabrairu na shekarar da ba ta da 29, ya yi watsi da shi. Da Rabi'ul Awwal ya kama sai komai ya dawo daidai shi kaɗai, ba wanda ya gyara komai.

Wannan ita ta taɓa cin mu, kuma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ba kuskuren ne ya fi ƙona min rai ba, kuskure namu ne kuma na ɗauka. Halin waɗanda muke kira ne. Saƙon yana isa wajensu, log ɗinsu yana rubuta ainihin gurbin da ya ƙi, amma abin da suke dawo mana da shi a Fault kalma biyu ce, wai kuskuren cikin gida. Ka rubuta musu ka ce don Allah a ba ka layi ɗaya daga log, su amsa da hoton SoapUI ɗinsu mai kore, su rufe ƙorafin. Ka sake buɗewa, su sake rufewa. Ka kira, a ce injiniyan ya tashi daga aiki. Alhali bayin Allah suna zaune da jakunkunansu, tsofaffi, wasu tafiyarsu ta farko ke nan, suna jiran a tabbatar da masauki. Layin da muke roƙo bai kai kalma ashirin ba. Kuma da abin ya warware da kansa sai suka rubuto cewa dama sun faɗa. Wanda duk yake riƙe da sabis a cikinmu, ya ji tsoron Allah ya riƙa sa sunan gurbin da ya ƙi a cikin detail na Fault, ko aƙalla ya ba da wata lamba da za a bi sawu da ita a log. Ba sirrin kamfani ba ne ka gaya wa mutum cewa kwanan watansa ne bai yi ba.

Maganin kaɗan ne. Ka bi duk ToString da Parse na kwanan wata ka ba su CultureInfo.InvariantCulture, ko ka yi amfani da XmlConvert. Ka duba globalization a web.config ma: in an sa culture="auto", to burauzar ma'aikaci ce ke zaɓar kalanda, wanda ya shiga da Larabci saƙonsa ya fita da Hijiriyya, na kusa da shi mai Turanci ya fita daidai. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana "wani lokaci" ɗinka. Bayan ka gyara ka nemi su binciko bayanan da shekararsu ta gaza 1900, domin waɗanda suka shige a ɓoye suna nan kwance. Idan kuma akwai manhajar Android a gaba, waya mai Larabci takan fitar da lambobi da rubutun Larabci ta String.format, xsd:int kuma ba ya karɓarsu, sai an sa Locale.ROOT.

Agogo ma ɗan'uwan wannan ne, in sabis ɗin yana da WS-Security, tsarin tsaron saƙon SOAP. Mu nan Saudiyya awa 3 muke gaban UTC, wato agogon duniya. Wanda ya ɗauki DateTime.Now ya liƙa masa Z, alamar UTC, a ƙarshe ya aika saƙo daga gaba ke nan. WSS4J, wanda yawancin sabis na Java ke amfani da shi, daƙiƙa 60 yake yafewa ta gaba, saƙon kuma daƙiƙa 300 yake rayuwa in ba a canza ba. UtcNow za ka sa, kuma ka tabbata sabar tana daidaita agogonta da NTP, domin minti shida na latti ya isa. In PasswordDigest suke so, WCF, sashen .NET mai kiran sabis, ba ya yin sa da kansa, sai ka haɗa: SHA-1 na nonce, wato lambar da ake amfani da ita sau ɗaya, da lokacin da kalmar sirri a jere, sannan Base64. Nonce ɗin ɗanyensa ake sawa a lissafin, ba wanda aka riga aka mayar Base64 ba. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa.

Batun gurabe fanko kuwa, shi ne mafi cin amana, don babu kuskuren da zai fito. Ka duba amsar a Raw, za ka ga bayanin yana ciki, ajin (class) da aka samar maka ne bai ɗauka ba. Yawanci xmlns ne, wato alamar da ke nuna dangin sunan da gurbi ya fito. Idan tsarinsu ya ce elementFormDefault="qualified" amma sabis ɗin yana aiko da 'ya'yan ba tare da xmlns ba, ko akasin haka, .NET zai tsallake su ya ba ka null. DataContractSerializer kuma yana da tsananin bin jeri, abin da ya zo ba a layinsa ba sai ya wuce shi shiru. Ga sabis na Java na fi natsuwa da a sake samar da ajin da svcutil tare da /serializer:XmlSerializer. To amma shi ma yana da nasa tarkon a wajen aikawa: duk gurbin lamba ko kwanan wata mai minOccurs="0" yana zuwa da abokin tafiya mai Specified a ƙarshen suna. Ka sa adadin mutane 4 ka manta da sa Specified ɗinsa true, to ba za a aika shi ba sam. Tunda a kwamfutarka yana yi, ka kuma tabbata WSDL ɗin, wato fayil mai bayanin sabis, da ka gina da shi da wanda sabar ke kira ɗaya ne. Sau da yawa na gwaji daban, na aiki daban, an ƙara gurbi ko an sauya xmlns ba a sanar da kowa ba. Sauke su biyun ka gwada. Ka kalli soap:address na ƙasa ma, in sabis ɗin yana bayan na'urar raba lodi yakan nuna sunan wata kwamfuta ta cikin gida ko http maimakon https, sai ka rubuta adireshin gaskiya a endpoint da kanka.

Na tuna 'yan PHP da ke cikinmu, ku ma wannan ta shafe ku. SoapClient yana ajiye WSDL na daƙiƙa 86400, kwana guda cur, a fayilolin da suka fara da wsdl a cikin /tmp. A canza sabis da safe, ku yini kuna faɗa da tsohon. Ku share su, ku sa trace, ku kira __getLastRequest.

Sunayen Larabci. Ka lura da kamannin lalacewar, don ita ce ke nuna wurin. In ka ga irin Ø§Ù„ to bayanin bai mutu ba, UTF-8 ne aka karanta da tsarin haruffan Turawa, gyaran charset ne kawai. In kuwa alamar tambaya ce zalla, an riga an kashe harafin a wani wuri kuma ba ya dawowa. Ka nemi Encoding.ASCII ko Encoding.Default a kod ɗinka. Na biyun a .NET Framework yana bin yaren Windows ɗin da yake kai, shi ya sa abu ɗaya zai yi a wata na'ura ya ƙi a wata. In saƙon ya fita da kyau a Raw, to rumbun bayanai ne: a SQL Server gurbin ya zama nvarchar, rubutun kuma a sa masa N a gaba. Kada wani ya ce maka varchar mai Arabic_CI_AS ya wadatar. Zai riƙe Larabci, amma windows-1256 ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, ranar da aka shigar da sunan mutumin Ƙaraye ko Ɗanbatta za ka gani. Tsawon saƙo kuma da bayit ake lissafa shi, harafin Larabci bayit 2 ne a UTF-8, wanda ya sa Length na rubutu a ContentLength ya gutsure ambulan ɗinsa. Sannan StreamWriter mai Encoding.UTF8 yana sa bayit uku a farko, EF BB BF, wasu sabis na Java su ce "Content is not allowed in prolog". Ka ba shi new UTF8Encoding(false).

Ban tsammanin sigar SOAP ce matsalarka tunda yana yi a wani wuri, amma ka duba web.config na sabar bai bambanta da naka ba. basicHttpBinding shi ne 1.1, yana fita da text/xml da SOAPAction. wsHttpBinding 1.2 ne, application/soap+xml, ga WS-Addressing a kai, wanda bai san shi ba zai ba ka 415 ko kuskuren MustUnderstand. A wurin ka ɗaga maxReceivedMessageSize, domin 65536 ne asalinsa. A gwaji kana neman ɗaki biyu, a aiki jerin ayari guda ne, dole ya ƙetare. In kuma wata rana ka ga "Could not create SSL/TLS secure channel", .NET 4.5 ba ya ɗaukar TLS 1.2 sai ka sa shi a ServicePointManager.SecurityProtocol, daga 4.7 ne ya koma bin abin da Windows ya zaɓa.

Kuma don Allah kada ka yarda a matsa maka ka ɗora gyara ranar Alhamis da yamma. Su za su tafi hutun Juma'a da Asabar, ba mai ɗaga waya, kai ne za ka kwana a ofis. In za ka sake rubuta musu, kada ka ce "ba ya aiki". Aika ainihin ambulan ɗin, da amsar, da lokacin da aka aika har daƙiƙa a UTC, da umarnin curl mai --data-binary wanda za su iya bugawa su ga faɗuwar da kansu, ka sa mudir ɗinka da nasu a kwafi. Wanda aka ba wannan ba shi da hoton koren da zai fake da shi.

Ka turo mana saƙonnin biyu a nan, na SoapUI da na saba, bayan ka goge kalmar sirri da lambobin fasfo da sunayen mutane. Ka haɗa da abin da CultureInfo.CurrentCulture.Name ya nuna a sabar, da ranakun da 500 ɗin ta fi yawa. Zan duba bayan Asuba in Allah ya kai mu.