Kunnena na ƙugi dare da rana, shin tabar wiwi na maganinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mai injin niƙa ne a nan Maradi, na daɗe a wannan sana'a. Tun bara kunnuwana suke ƙugi, wani shuuu ba tsayawa. Da rana da sauƙi, amma da dare ya hana ni barci. Ƙanena ya nuna mini bidiyo a waya, wai a Kanada likitoci suna ba da tabar wiwi ga masu irin wannan ciwo. Ni ko sigari ban taɓa sha ba, amma na gaji. Da gaske tana magani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sawwaƙe. Kada ka sha. Har yau babu gwajin da aka yi a kan mutane da ya nuna wiwi na rage ƙugin kunne, kuma ɗan abin da bincike ya gano ma akasin haka yake nunawa.

Bidiyon ƙanenka ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, shi ya sa yake ruɗar mutane. Akwai magunguna da aka ciro daga ganyen, aka auna, aka amince da su. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Akwai Sativex na sandarewar jijiyoyi, akwai kuma wanda aka haɗa ta hanyar kwaikwayon sinadarin ganyen, ake ba masu ciwon daji don tsayar da amai. Maroko ma ta halatta noman ta don magani a 2021. Amma ƙugin kunne ba ya cikin jerin ko ɗaya daga cikinsu, kuma ƙullin da ake sayarwa a lungu ba shi da alaƙa da waɗannan: ba wanda ya san ƙarfinsa ko abin da aka gauraya a ciki.

Ƙarar da kake ji, yawanci ba kunne ke yin ta ba, ƙwaƙwalwa ce. A can cikin kunne akwai wasu ƴan ƙananan gasu masu ɗaukar sauti. Ƙarar inji ta shekara da shekaru tana kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Da saƙo ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta yi abin da kake yi wa rediyo idan tasha ta yi nisa: ta ƙara murya, sai shuuu ɗin ya fito. Sinadarin THC da ke cikin wiwi yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ji, shi ya sa aka yi zaton zai kwantar da shi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan suka gwada haɗin THC da CBD, wani sinadarin na wiwi, a kan ɓerayen da ƙara ta yi wa illa. Maimakon sauƙi, sai adadin masu alamun ƙugin ya ƙaru. Wani nazari a Amurka kuma ya samu masu shan wiwi sun fi yawan kokawa da ƙugin kunne.

To me ya sa wasu ke rantsuwa ta taimake su? Ta sa su maye ne, suka manta da ƙarar na ɗan lokaci, suka yi barci. Ƙarar tana nan. Idan jiki ya saba, ranar da ba a sha ba barci ya gagara, fargaba ta taso, fargaba kuwa ita ce babbar mai hura ƙugin kunne. Ga kuma doka: a Nijar wiwi haramtacciya ce, kalmar "magani" ba za ta fid da kai a hannun jandarma ba.

Ni abin da ya fi damuna injinka ne. Sautin da ya kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in aka wuni a cikinsa awa 8 kullum, yana cin ji. Idan sai ka ɗaga murya kafin yarinyar da ta kawo niƙan gero ta ji ka alhali tana gabanka, ka haura wannan ma'auni. Nemi abin toshe kunne na roba ko irin mai rufe kunne duka. Auduga ba ta wadatarwa.

Ka je asibiti a duba ka wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, a auna jinka da hawan jini. Wani lokaci dauɗar kunne ce ta cushe, a cire a huta. Ka tafi da duk maganin da kake sha, har wanda aka saya a tiren masu yawo. Kinin, asfirin mai yawa da allurar jantamisin duk suna iya jawo ƙugi, kuma a nan kowane zazzaɓi sai an nemi allura. In aka ga jinka ya ragu, na'urar ƙara ji tana sauƙaƙa wa mutane da yawa.

Da dare kada ka kwanta cikin tsit. Kunna fanka, ko rediyo, ko karatu ƙasa-ƙasa, ba don ya danne ƙarar ba, don hankali ya sami wani abin bi. Yawancin mutane a hankali ƙwaƙwalwarsu take daina kula da ita.

Amma idan ƙugin a kunne ɗaya ne kawai, ko yana bugawa tare da zuciya, ko ya zo da jiri, kada ka jinkirta. In kuwa ka wayi gari kunne ɗaya ya daina ji kwatsam, a ranar za ka je asibiti, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki.