Zancen naɗin shugaban 'yan sanda a nan Gana

Taubashina, ka ce wai ko mu nan Kumasi da ƙuri'a muke zaɓen shugaban 'yan sanda, tunda kuna jin ana yabon dimokuraɗiyyar Gana. Ina fa, naɗi ne kamar naku, shugaban ƙasa ke naɗa IGP, wato shugaban 'yan sandan, bayan ya ji ta bakin majalisar da ke ba shi shawara, Antoni Janar ma shi ke naɗawa kuma shi ne ministan shari'a. Shugaba Mahama na dawowa mulki a 2025, ko wata uku ba a yi ba Dampare ya sauka daga kujerar IGP Yohuno ya hau.

Ni dai wallahi bana son ƙuri'a ta shiga kujerar nan. Mu 'yan zango nawa muke a ƙasar? Mutum zai fito kamfe ya ce zai share zango daga ɓata gari, a tafa masa, ya ci, mu kuma wa za mu kai wa kuka. A 2018 da 'yan sanda suka harbe samari bakwai na unguwar Asawase ta nan Kumasi a garin Manso Nkwanta wai 'yan fashi ne, zango ya tashi tsaye, sarakuna da limamai suka shiga maganar har aka kafa kwamiti, kwamitin kuma bai ga hujjar fashi ba. Wanda aka naɗa yana da na gaba da shi da za a je a samu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kawai shi ne duk sabon shugaba sai ya zo da nasa mutum.

Kuma kar ka manta ƙuri'a ce ta kawo Firaminista Busia, shi ne a 1969 ya ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar. Kakanmu da fataucin goro ya kawo shi, ba takarda ba komai, dangin matarsa ne suka ɓoye shi a gonar koko har ƙura ta lafa. Wannan matar dai da kuke cewa 'yar Tonawa, wato Asante, wai ta gurɓata mana jini, ita ta haifi babana, da yarensu na Twi take masa faɗa har ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kuna ta mana dariya wai muna cewa mata ya zo, to mun ji, amma tuwon zafi da miyar kuka ba su yanke a gidanmu ba. Ka gaida min Inna, ka ce goronta na nan tafe bayan sallah.