Re: Ƙudan mangwaro ma yana da garkuwar jiki?

Malam, tambayarka kan ƴan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba, wai ya akai fumfuna bata cinye su, ai suna da garkuwa wlh, sai dai basu da antibodi irin namu, wato sinadaran da jikinmu ke haɗawa don kama ƙwayoyin cuta. Da fumfuna ta huda fatar ƙudan wani furotin mai suna Toll ne yake kaɗa ƙararrawa, sai kitsen cikinsa, wanda yake masa aikin hanta, ya zubo sinadarin Drosomycin cikin jini ya hana ta yaɗuwa. A 1996 masana kimiyya su Jules Hoffmann a Faransa suka ga ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace fumfuna ta lulluɓe shi ya mutu, aikin da ya ba Hoffmann kyautar Nobel a 2011. Mu ma muna da dangin Toll ɗin fa.