Tambaya da Amsa: Da wane shirin Super Sentai zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun ina yaro nake son Power Rangers, sai kwanan nan na ji cewa asalinsa na Japan ne, sunansa Super Sentai, kuma wai sun kusa hamsin. Da na duba jerin sunayen, kaina ya ɗaure. Wasu sun ce in fara daga na farko, wasu kuma sun ce tsofaffin ɓata lokaci ne, in tafi na zamani kawai. Ba ni da lokaci ko datar kallon su duka, kuma ina so wani lokaci in zauna da yarana mu kalla tare. Da wanne zan fara?

Wani mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da Samurai Sentai Shinkenger na shekarar 2009. Idan ka gama shi, ka koma baya zuwa Chojin Sentai Jetman na 1991. Gokaiger kuwa, wanda na san za a yi ta tura ka gare shi, ka ajiye shi tukuna.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, ba labari ɗaya ake ja ba tun 1975. Kamfanin Toei ya riƙa fito da sabuwar ƙungiya kusan kowace shekara, da sababbin jarumai, sabon bos da sabuwar duniya, a yi kashi wajen hamsin a rufe. In ka cire 'yan kaɗan, kamar Sun Vulcan na 1981 da ya ɗora a kan Denziman, kowanne cin gashin kansa yake yi. Don haka wanda ya ce sai ka fara daga Himitsu Sentai Gorenger, wato na farkon da Shotaro Ishinomori ya ƙirƙira, ya ɗora maka kayan da ba dole ba. Kashi 84 ne, kuma ko ƙaton mutum-mutumin da ka saba gani babu a cikinsa. Wannan sai a Battle Fever J na 1979 ya shigo, bayan Toei ta gwada shi a shirinta na Spider-Man a 1978 ta ga yara sun karɓa.

Ni a wurina, sunan babban marubucin shirin ya fi shekarar fitowarsa gaya maka abin da za ka tarar. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: dodo ya fito, ƙungiya ta sauya kama ta doke shi, ya girma ya kai tsawon bene, a kira mutum-mutumi. Abin da ke bambanta mai daɗi da mai gundura shi ne abin da marubuci ya yi da mintocin da ke tsakanin faɗa da faɗa.

Yasuko Kobayashi ce ta rubuta Shinkenger, kuma ita ce ta yi Gingaman, Timeranger, Go-Busters da ToQger. Labarin na wani matashi ne, Takeru, shugaban gidan Shiba, gidan da ya gāji yaƙi da wasu dodanni masu fitowa daga kogin Sanzu, wanda a al'adar Japan shi ne kogin da matattu ke ƙetarewa. Sauran jarumai huɗun ƙungiyar ba abokansa ba ne da farko. Barorin gidan ne ta hanyar gado, an kira su suka bar rayuwarsu suka zo: ɗaya ɗan wasan kabuki ne, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, da ya bar dandali, ɗaya tana aiki da ƙananan yara, ɗaya kuma yarinya ce da ta zo a madadin yayarta marar lafiya. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin alaƙar ubangida da baransa, da ta sarki da fadawansa, abu ne da muka sani. Akwai wanda ke durƙusawa tun kafin a ce masa, akwai kuma Chiaki, na huɗunsu, da ke ganin don me zai rusuna wa sa'ansa. Shirin yana ɗaukar wannan tambaya da gaske: me ya sa mutum zai ba da ransa saboda wani, gado ne ko cancanta? Kusa da ƙarshe akwai wani juyi da ke girgiza duk abin da ka zata ka fahimta. Don Allah kada ka je intanet neman bayanin jaruman kafin ka kai wurin.

Akwai kuma tsabtar gini. Ƙarfin jaruman daga rubutu yake, suna zana harafin Japan a iska abin ya tabbata. Dodannin kuma ba sa iya daɗewa a duniyar mutane, jikinsu bushewa yake sai sun koma ruwan kogin, kuma wannan ne dalilin da faɗa ke katsewa a tsakiyar kashi ba tare da ka ji an raina maka hankali ba. Kashi 49 ne, ba su da yawan shara. In ka taɓa kallon Power Rangers Samurai na 2011, daga nan aka ɗauko shi, amma nauyin labarin ya fi zama daram a asalin.

Jetman wani abu ne daban, kuma na ce ka sa shi na biyu ne domin sai ka san yadda ƙungiya ta saba kasancewa kafin ka ji daɗin ganin an karya tsarin. Toshiki Inoue ne ya rubuta. Soja ɗaya ne kawai cikin biyar ɗin aka horar, Ryu. Sauran huɗun hasken da ke ba da ƙarfi ne ya faɗa musu bisa tsautsayi lokacin da maƙiya suka kai hari: 'yar masu kuɗi, manomi, 'yar sakandare, da Gai, ɗan duniya mai caca da babur wanda tun farko ya ce shi ba ruwansa da ceton kowa. Suna faɗa a tsakaninsu, akwai kishi, akwai soyayyar da ta haɗa mutum uku, su ma mugayen suna cin dunduniyar juna. Ana yawan cewa shi ne ya farfaɗo da Sentai bayan Fiveman na 1990 ya yi fama da ƙarancin masu kallo. Hoton ya tsufa, ba zan ɓoye maka ba, amma bayan kashi biyar ido yana sabawa. Wannan na kallonka ne kai kaɗai idan yara sun kwanta, domin akwai shan taba da giya, kuma rigimar soyayyar ba ta yara ba ce.

Su kuma masu cewa tsofaffi ɓata lokaci ne, ba su kalli Liveman na 1988 ba. Hirohisa Soda, wanda ya riƙe rubutun Sentai daga 1982 har 1990, shi ya yi shi. Ɗalibai uku masu hazaƙa a wata makarantar kimiyya suka ga sun fi kowa, suka bi wani shaiɗanin malami, suka kashe abokan karatunsu biyu. Jaruman kuwa abokansu ne na aji ɗaya. Kenan duk faɗan da za a yi, da wanda aka sani ake yi, kuma abin da shirin ke tono shi ne ilimin da babu tausayi a cikinsa da haukan neman maki. A wancan zamanin babu zanen kwamfuta, wuta ta gaske ake tayarwa a bayan 'yan wasa a cikin ramin fasa dutse, kuma za ka ji bambancin a jikinka. In kana jin Faransanci, Bioman na 1984 an juya muryoyinsa zuwa harshen, ya yi tashe ƙwarai a Faransa, kuma shi ne na farko da ya sa mata biyu a ƙungiya.

Na san zuciyarka za ta ja ka zuwa Zyuranger na 1992, tunda daga shi aka yanko faɗace-faɗacen Mighty Morphin Power Rangers a 1993. Ka kalle shi don marmari, amma ka sani labarin daban ne gaba ɗaya. Jaruman mayaƙan wata tsohuwar daula ce da suka farka daga dogon barci, ba 'yan makarantar Amurka ba. Mai ruwan ɗorawa ma namiji ne a can, shi ya sa kayan Trini, macen da ta sa wannan launin a na Amurka, ba su da siket irin na mai ruwan hoda. Labarin Burai, koren jarumi, yana da taɓa zuciya, sai dai yawancin sauran kashin na ƙananan yara ne sosai. A wannan zangon Dairanger na 1993 ya fi shi faɗa mai kyau nesa ba kusa ba.

Batun data kuma, Dekaranger na 2004 ne maganinsa. 'Yan sanda ne masu kama masu laifi daga wasu duniyoyi, shugabansu Doggie Kruger mai kan kare, kuma kusan kowane kashi shari'a ce mai zaman kanta. Kana iya kallon biyu yau, ka yi wata guda ka dawo ba ka ɓace ba.

Yanzu ga dalilin jinkirta Kaizoku Sentai Gokaiger na 2011. Shiri ne mai kyau ƙwarai, na 35 a jeri, labarin 'yan fashin sararin samaniya da ke iya rikiɗa su zama kowace ƙungiya cikin 34 da suka gabace su. Tsofaffin 'yan wasa suna dawowa da kansu, wasu da furfura. Mutane na ba da shawararsa ga sabon shiga don wai zai ɗanɗana kowanne, ni kuwa ban yarda ba. Daɗin ganin tsohon jarumi ya dawo yana ga wanda ya san shi. Abin da ya fi muni, kashin da suka keɓe wa Shinkenger yana tona wancan juyin da na ce ka kiyaye, na Jetman kuma yana fallasa ƙarshensa, wanda yana cikin ƙarshen da aka fi tattaunawa a tarihin Sentai. Ka kalli uku ko huɗu tukuna, sannan ka zo masa.

Na baya-bayan nan suna da abu guda da ya kamata ka shirya masa. Kamfanin Bandai ne ke sayar da kayan wasan shirin, kuma cinikin nan ginshiƙi ne na kasuwancin, shi ya sa za ka ga sabon makami ko sabon mutum-mutumi yana ɓullowa a kai a kai, wani lokaci labari ya tsaya ya jira. Duk da haka an yi masu ƙarfi. Lupinranger VS Patranger na 2018 ya raba jaruman gida biyu, ɓarayi uku da 'yan sanda uku masu farautar su, alhali 'yan sandan na cin abinci a shagon ɓarayin ba su sani ba. King-Ohger na 2023 labarin sarakunan ƙasashe biyar ne da siyasar da ke tsakaninsu, kuma a jere yake, ba a tsallake kashi. Donbrothers na 2022, wanda Inoue ya dawo ya rubuta bayan shekara talatin da yin Jetman, yana da ban dariya da ban mamaki, amma ya yi wa tsarin kaca-kaca har sabon shiga zai rasa inda aka dosa. Gozyuger na 2025 shi ne na 49, an yi shi ne don cikar shekara 50.

Game da yara, Shinkenger zai yi wa wanda ya kai shekara tara ko goma, sai dai wasu dodannin na da ban tsoro kuma babban bos ɗin kullum yana cikin shan giya. Ƙanana kuwa ToQger na 2014 ya fi dacewa da su, jiragen ƙasa ne da launuka masu haske, kuma akwai labari a ƙasa da zai riƙe ka kai ma. Kyoryuger na 2013 ma yana tafiya da yara saboda kiɗa da rawa. Magiranger na 2005 labarin 'yan gida ɗaya ne da ƙaunar uwa, amma kacokan a kan sihiri aka gina shi, Zyuranger ma akwai mayya da abin da suke kira alloli, don haka ka fara dubawa ka yanke abin da ya dace da tarbiyyar gidanka. Ka kuma tuna da Japananci ake magana, fassarar a rubuce take a ƙasan allo, galibi da Turanci. Kamfanin Shout! Factory na Amurka ya fitar da da dama a faifai da irin wannan fassara, ciki har da Jetman, Zyuranger, Dairanger da Timeranger. Yaron da karatunsa bai yi sauri ba zai buƙaci ka riƙa tsayar da hoton kana ba shi labari da Hausa, don haka kashi ɗaya ko biyu a zama ya isa.