Keken gona mai giya: amsoshin tambayoyinku kan faci, sarƙa da lodi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoma da dama a nan Kebbi suka jingine babur suka koma keke. Sai dai a wannan karon ba Raleigh ko Phoenix irin na iyayenmu ake saye ba, kekunan gwanjo ne masu giya da faffaɗar taya, waɗanda Turawa suka ƙera don hawan dutse. A makon nan tambayoyin keke sun rinjayi na taki da iri, don haka bari mu duba abin da ke kai mu gonar.

Wani manomin shinkafa daga Argungu ya ce: "Malam, sau uku na yi faci cikin mako ɗaya, kuma kusan a wuri ɗaya. Mai faci ya ce tif ɗin ne ba ya da kyau. In sayi sabo?"

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Facin da ke maimaita kansa a wuri ɗaya, ɓarawon yana cikin taya, ba a tif ba. Hanyoyin gonakinmu cike suke da tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Ƙayar kan karye a cikin robar taya, kanta ya ɓuya, sai ka hau nauyinka ya tura ta ta sake sokar tif. Cire tayar gaba ɗaya, ka ɗauki guntun auduga ka shafa cikinta a hankali har ka zagayo. Inda audugar ta maƙale, nan ƙayar take. Ka tono ta da allura. Na taɓa ganin wadda ba ta kai tsawon ƙwayar gero ba, amma ta sa mai keken ya sayi tif biyu.

Sannan ka dubi hujin da kansa, domin yana faɗin abin da ya yi shi. Huji ɗaya ta bayan tif, ƙaya ce. Huji biyu kusa da juna kamar saran maciji, ƙarancin iska ne: ka faɗa rami ko ka hau kunya, wili ya matse tif. Idan kuwa hujin ta ciki yake, ɓangaren da ke kallon wili, to robar da ke rufe kan wayoyin wili ta tsinke. Yanko tsohon tif ka ɗaura a madadinta.

Wajen facin, gaggawa ce ke ɓata aiki. Goge wurin da sanfefa, shafa sholisho kaɗan, ka bar shi kamar minti biyar har ya daina sheƙi, sannan ka manna ka danne da ƙarfi. Wanda ya manna a kan ɗanyen sholisho, gobe ma yana wurin mai faci.

Wani mai noman albasa daga Aliero ya ce: "Sarƙar kekena tana ƙara, in na taka da ƙarfi sai ta yi tsalle. Kullum ina zuba mata baƙin mai, amma abin sai ƙaruwa yake."

Alhaji, baƙin man nan shi ne ciwon. Na san dalilin da ya sa muke amfani da shi: kyauta ake samun sa in an juye man injin ban ruwa. Tsohon keke mai kaurin sarƙa da murfi yana jure masa. Wannan kuwa sarƙarsa siririya ce, a buɗe take, ga ƙurar hunturu. Mai da yashi in suka haɗu, sun zama dutsen wasa wuƙa, suna cin sarƙar da haƙoran giya a hankali.

Ka samu kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka wanke sarƙar da haƙoran baya da ƙananan gare-garen nan guda biyu da ke rataye a ƙasan giya. Za ka ga baƙin dauɗa na fita kamar kwalli. Bari ta bushe, ka ɗiga mai mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya sau da yawa, sannan ka goge na waje da tsumma. A cikin gaɓa ake buƙatar mai, na waje ƙura kawai yake kira. Mai zuwa fadama kullum ya yi haka duk mako, haka kuma duk ranar da ya ratsa laka.

In an wanke ba ta daina tsalle ba, sai a auna ta. Ari tef ɗin tela: daga tsakiyar ƙusar gaɓa, sabuwar sarƙa tana kawo wata ƙusar daidai kan inci 12. In ta zarce da kusan milimita 3, ta gama aiki, kuma galibi ta riga ta cinye haƙoran baya, sun yi tsini sun karkata. A nan dole a canza su tare. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ta fi tsohuwar tsalle, kuɗin ya tafi a banza. Ka ƙirga jerin haƙoran bayan kafin ka je kasuwa, ko jeri shida ne ko bakwai ko tara, don sarƙar jeri tara ba ɗaya take da ta shida ko bakwai ba.

Wani matashi daga Jega ya ce giyarsa ba ta shiga daidai, har sarƙa ta taɓa faɗawa cikin wayoyin wili.

Ɗana, kafin ka taɓa komai, tsuguna a bayan keken ka duba ko giyar ta miƙe sambal zuwa ƙasa. In ta karkata ciki, keken ya faɗi ta hannun dama ne, ɗan ƙarfen da ke riƙe ta ya lanƙwashe. Wannan aikin mai gyara ne. In a miƙe take, akwai ɗan maɗauri inda waya ta shiga giya. Juya shi kwata-kwatan zagaye kana juya feda, har ƙarar ta ɗauke. Ƙananan kusoshin nan biyu masu alamar H da L iyaka suke tsarewa, kuma L ɗin ce ke hana sarƙa faɗawa cikin wili. Kada ka riƙa murɗa su don gwaji. Kuma ka sassauta ƙafa lokacin canza giya. Canzawa ana tsakiyar hawa da ƙarfi shi ke tsinka sarƙa.

Tambayar da ta fi damuna ta zo daga wani dattijo a Suru: "Na sa an yi mini kariya ina ɗora buhun shinkafa, yanzu wilin baya yana rawa, wayoyi na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya."

Baba, in faɗi gaskiya, an ɗora wa keken nan aikin jaki. Mutum ɗaya aka ƙera shi ya ɗauka a kan hanya maras kyau. Yawancin kariyar da ake sayarwa don irinsa kilo 25 aka ƙayyade mata, alhali buhun taki kaɗai kilo 50 ne, balle na shanshera. Ga wilin bayansa, saboda jerin haƙoran giya, wayoyin hannun dama sun fi na hagu ɗauri, shi ya sa ba ya son nauyi. A wannan fanni tsohon Phoenix ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma wanda ke da shi a zaure kada ya sayar. In babu yadda za a yi, a raba kayan gida biyu a rataya su dama da hagu ƙasa-ƙasa, a cika taya da iska gwargwadon abin da aka rubuta a gefenta. Waya ɗaya in ta tsinke a maye ta ranar; in aka bari, nauyinta ya koma kan 'yan'uwanta, sai su bi ta.

Kafin a kai keke wurin mai walda kuma, a ɗora mayen ƙarfe a jikinsa. In ya kama, ƙarfe ne, zai yi waldu. In bai kama ba, alminiyan ne, kuma waldar bakin kasuwa ba ta riƙe shi. Jikin alminiyan da ya tsage, ni dai ban yarda a ƙara hawansa ba.

Masu birki mai faifai da suka ce yana kuka ba ya kamawa: mai ne ya taɓa faifan, sau da yawa daga hannun da ya gama shafa wa sarƙa. A wanke faifan da ruwan sabulu a ɗauraye. Robar birkin da ta sha mai kuwa sai sabuwa. Shi kuma ɗan'uwan da ya ce fedar hagu ta ƙi kwancewa har sifana ta zame masa, ba tsatsa ba ce. Zaren fedar hagu a juye yake, ta inda ake ɗaure sauran kusoshi ta nan ake kwance ta.